Ragon hoto da saniyar kwamfuta

Zuwa ga jama'ar Bonkuku da kewaye, na Imanan da na Kurfai, waɗanda ke gida da waɗanda ci-rani ya kai Yamai, Kwatano, Abijan, ko can Aljeriya da Libiya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, mai sa wa a murya ya sa ya tura, don maganar yau ta shafi tsofaffinmu fiye da yadda ta shafi masu riƙe da waya.

Cikin shekarun nan cinikinmu da yawa ya koma cikin waya. Mai lambu ya ɗauki hoton buhunan dankalin turawa ya tura wa ɗan kasuwa a Katako, a daidaita da saƙon murya, kuɗi su iso, a loda wa mota. Ɗan ci-rani na son ya yi wa mahaifinsa layya, sai a zagaya kasuwar dabbobi da waya ana nuna masa raguna ta bidiyo, ya zaɓa daga inda yake zaune. Rashin tsaro ma ya ƙara tura mu ga hakan, tunda akwai kasuwannin da a da mutum kan yi sammako ya je ya dawo, yanzu kuwa sai an yi shawara a gida kafin a kama hanya. Ba mu raina wannan sauƙi ba. Waya ta rage mana wahala, ta rage kuɗin mota. Sai dai akwai abu guda da har yau ba ta iya ɗaukowa, kuma a kansa kasuwarmu ta ginu tun kaka da kakanni, wato taɓawa.

Ku tuna yadda dillalin ƙwarai ke duba rago a Baleyara ko Abala. Kallo somin-taɓi ne kawai. Zai ɗora hannu a gadon bayan dabba ya bi shi da yatsu har ƙugu, ya ji ko ƙashi ne ke tsaye ƙarƙashin gashi ko nama ya rufe shi. Ya matsa gindin wutsiya, ya laluba ƙirji, ya danna ciki don ya gane ko kiwo ne ya cika shi ko gishiri aka ba shi da safe ya sha ruwa ya kumbura. Daga ƙarshe ya ɗaga ƙafafun baya ya ji nauyi. Duk wannan ba ya kai minti biyu, kuma ko ka tsare shi da tambaya ba zai iya zayyana maka abin da ya ji ba. Iyakarta ya ce, "Wanga shina da nama," ko ya saki ya wuce gaba bai ce uffan ba.

A bidiyo kuwa, mai waya ya ɗan durƙusa ya ɗauko rago daga ƙasa, sai ya fito kamar ɗan maraƙi. Mun ga gida fiye da ɗaya inda aka sauke ragon da aka saya ta waya, tsoho ya zagaya shi, ya ɗora masa hannu sau ɗaya, ya yi shiru. Da ɗan ya kira da dare ya ce, "Baba, ya rago?" sai ya ce, "Ya yi, Allah shi yi ma albarka," don kada ya karya wa yaro zuciya a ƙasar mutane. Kuɗin da aka tara da gumi sun tafi ga gashi da ƙaho. Ba lallai ne wanda ya ɗauki bidiyon ya yi niyyar cuta ba. Sau da yawa shi ma yaro ne da ya iya waya, amma ba a taɓa koya wa hannunsa rago ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wurin labari haka ne. Amma ku lura da kalmar nan "ji" a bakinmu: da ita muke jin magana, da ita muke jin ƙamshi, da ita kuma muke jin zafi da sanyi, laushi da kaushi, da nauyin kaya. Waya ta kawo mana jin kunne, ta kawo gani, ta baro jin hannu a hanya. A kasuwa kuwa jin hannu shi ke korar gani. Matar da ke sayen dankali ba ta yarda da kyan fatarsa sai ta matsa shi. In ya fara taushi ta san zafi ya kama shi, ba zai daɗe ba. Manomi in an yi ruwan farko ba ya tsayawa ga kallon saman ƙasa. Tonawa yake da hannu ya ji inda laima ta tsaya, ya dunƙule ƙasar a tafinsa, kafin ya yarda ya zuba irin hatsin da ya ɓoye tun kaka.

To, abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne akwai mutane a duniya da sana'arsu ke nan: ƙera na'urorin da za su sa mutum ya ji kamar ya taɓa abin da ba ya gabansa. Sun fi shekara 70 suna fama, kuma abin da suka cim ma da abin da ya gagare su duk akwai abin ji a ciki.

Tushen abin ya haɗa da ma'adinin da muka sani da suna, yuraniyom irin wanda ake haƙowa a Arlit. A ƙarshen shekarun 1940, a wata cibiyar binciken nukiliya da ake kira Argonne kusa da birnin Shikago na Amurka, ana aiki da kayan da in mutum ya kusance su za su halaka shi. Sai a zuba su cikin ɗaki mai kaurin bango, ma'aikaci na waje yana leƙe ta taga yana sarrafa hannun ƙarfe. Na farko da aka gwada da maɓalli ake tuƙa su, mutum ba ya jin komai, aiki ya zama jan ƙafa. Wani injiniya mai suna Raymond Goertz ya haɗa hannun ciki da na waje ta yadda in na ciki ya ɗauki abu mai nauyi, ko ya ci karo da bango, mai riƙe da na waje zai ji a hannunsa. Daga nan aiki ya miƙe. Tun lokacin aka gane cewa hannun da ba ya ji rabin hannu ne.

Mafi sauƙin irin waɗannan na'urori tana aljihun kowa. Girgizar da wayarka ke yi in ka kashe ƙararta a masallaci, wani ɗan mitsitsin inji ne a ciki da aka ɗaura wa nauyi a gefe guda. In ya juya da sauri sai ya riƙa karkarwa, wayar duka ta ɗauka. Duk mai gyaran waya zai iya ciro maka shi daga matacciyar Tecno ko Itel ka gani da idonka. Wannan zunguri ne kawai, kamar a ce maka kai, ana kira. Amma a 2016 kamfanin Apple ya fito da iPhone 7 da wani abin mamaki. Maɓallin da ke ƙasan wayar ba ya motsi ko kaɗan, amma in ka danna sai ka ji ya shige ya yi ƙas. Wani inji ne a ciki ke bugawa sau ɗaya daidai lokacin da yatsanka ya matsa, ƙwaƙwalwarka ta cike sauran. In caji ya ƙare ka danna, sai ka ji abin a sandare kamar ka danna bango. Ashe fata ma ana iya yi mata dabo yadda majigi ke yi wa ido.

A 1993, a jami'ar MIT ta Amurka, wani ɗalibi Thomas Massie da malaminsa Kenneth Salisbury suka ƙera abin da suka sa wa suna PHANToM. Ku ɗauka irin ƴar hular ƙarfen nan ce da mai ɗinkin hannu ke sa wa a yatsa, an haɗa ta da siririn hannun ƙarfe mai injuna uku. Ka zura yatsa kana yawo da shi cikin iska, ba abin da ke tare ka. Amma kwamfuta na bin inda yatsan yake, a cikinta kuma an zana, a ce, ƙwallo. Da yatsanka ya iso inda ƙwallon ya kamata ya kasance sai injunan su ture ka baya. Ka ji ka taɓa abu mai zagaye, ka bi gefensa, ka danna ka ji ko na roba ne ko na katako, alhali babu komai a gabanka. Don abin ya yi kama da gaskiya dole kwamfuta ta sake lissafin turin kusan sau 1000 a daƙiƙa ɗaya. Ido kuwa hotuna 24 a daƙiƙa sun ishe shi ya ga fim na tafiya. Ka ji bambancin wayon yatsa da na ido.

Inda abin ya zo kusa da mu sosai shi ne wajen saniya. Wanda ya taɓa zuwa Tukunus, inda gwamnati ke kiwon shanun Azawak arewa da Filinge, ko ya ga likitan dabbobi na aiki a garke, ya san yadda ake gane saniya ta ɗauki ciki tun bai fito ba. Likita ya sa doguwar safar roba har kafaɗa, ya tura hannu ta dubura, ya laluba mahaifa ta bayan bangon hanji. Da yatsu yake karanta komai: girman mahaifar, ko ɓangare ɗaya ya fi ɗayan cika, ko akwai ruwa a ciki, cikin wata nawa ne. Wahalar koyar da wannan aiki ita ce malami ba ya ganin abin da hannun ɗalibi ke yi a ciki. Ɗalibi ya ce ya kama mahaifa, wataƙila mafitsara ya kama, malami kuma ba shi da hanyar sani. Saniya ma ba za ta tsaya wa ɗalibai talatin su yi ta koyo a kanta ba, kuma bai kamata a sa ta ba.

Wata likitar dabbobi ƴar Birtaniya, Sarah Baillie, wadda ta yi shekaru tana wannan aiki a gonaki kafin ta koma karatun kwamfuta a jami'ar Glasgow, ita ta samo dabara. Aka ƙera rabin saniya na baya, cikinsa fayau, aka ɓoye PHANToM a ciki. Ɗalibi ya tura hannu kamar a saniyar gaske, ya zura yatsa a hular ƙarfen, sai ya fara jin ƙashin ƙugu, ya ji mahaifa, ya ji ƙwayayen haihuwa. Malama na gefe tana kallon allon kwamfuta, tana ganin inda yatsan yake, ta ce masa yi ƙasa, yi hagu, wannan da kake ji shi ne. Ta danna maɓalli, saniyar da ba ta da ciki ta koma mai cikin wata biyu, ɗalibi ya ji yadda mahaifar ta sauya a yatsansa. Daga baya har aka yi wadda na'urar da kanta ke jan yatsan ɗalibi ta bi da shi hanyar da ƙwararre ya bi aka adana. Da muka ji wannan sai muka tuna malamin allo da ke kama hannun yaro da alƙalami a ciki, ya ja shi har hannun ya san hanya.

Abin lura a nan shi ne na'urar ba ta san saniya ba. Taurin da laushin da ke cikinta daga hannun gogaggun likitoci aka kwaso su. Su suka riƙa zura hannu suna cewa wannan ya yi kama, wannan bai yi ba, ana gyarawa. Turawa sun kashe dukiya da shekaru don su adana abin da hannun gwani ya sani su miƙa wa na baya. Mu kuwa irin waɗannan hannuwa suna nan cikinmu kyauta: dillalin da muka ambata, makiyayin da ke shafa hantsar saniya ya ce ciwo ya shiga tun nono bai sauya ba, ungozomar da ke laluba ciki ta ce kan ɗa bai juyo ba a garzaya likita, baduku da ke murza fata ya san jimar ta yi ko da saura. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce yara nawa ke tsaye kusa da su suna sa hannu. Wanda aka aika kasuwa yau waya ake ba shi a ce ɗauko mana hoto. Mu a ganinmu, duk mai aika yaro ɗaukar bidiyon rago ya haɗa shi da dattijon da zai ce masa ajiye wayar tukuna, kawo hannunka nan.

Ba muna cewa hannu ba ya kuskure ba ne. Uwa ta ɗora bayan hannu a goshin yaro ta ji zafi, ta yi daidai, amma hannunta ba zai faɗa mata zazzaɓin cizon sauro ne ko wani abu ba, sai an ɗiga jini an gwada. Maɗori na da basira, amma akwai karayar da sai hoto ya nuna ta, kuma mun ga ƙafar da aka ɗaure da ƙarfi har ta lalace. Kowanne da gurbinsa.

Me ya sa taɓawa ta fi gani da jin kunne wuyar aikawa? Ido biyu ne, kunne biyu, kowanne a wuri ɗaya. Ka sa masa gilashi ko lasifika a gaba shi ke nan. Fata kuwa ta lulluɓe jiki duka, kuma ba iri ɗaya take ji ba. Masana sun ƙiyasta cewa a tafin hannu ɗaya da cikin yatsu akwai jijiyoyin jin taɓi kusan 17,000, kuma kashi huɗu ne. Wasu na jin danni da gefen abu, wasu na jin abu ya fara sulɓewa daga hannu, wasu na jin karkarwa, wasu na jin fata ta miƙe. Ban da su ga masu jin zafi da sanyi da ciwo. Kuna iya gwadawa yanzu a inda kuke zaune. Ku sami tsinke biyu, wani ya rufe ido, ku taɓa masa kan yatsa da su a tare da tazarar milimita 3, zai ce biyu ne. Ku koma bayansa ku buɗa tazarar har faɗin yatsu biyu, sau da yawa zai rantse ɗaya ne. Yadda fata ke mayar da danni ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ma ba a daɗe da ganowa ba. A 2021 aka ba Ardem Patapoutian da David Julius kyautar Nobel a kan wannan. Shi Julius da barkono ya yi bincikensa, ya gano cewa ƙofar da yajin barkono ke bugawa a jijiya ita ce dai wadda zafin wuta ke bugawa. Ashe da muke cewa yaji na da zafi ba mu yi ƙarya ba.

Ga kuma wata wahalar. Kana iya kallon mutum bai sani ba, kana iya sauraronsa daga bayan zana, amma ba ka taɓa abu sai shi ma ya taɓa ka. Dole na'ura ta ture ka yadda ragon zai ture ka, a daidai wannan ƙiftawar. In saƙon ya yi jinkiri kaɗan, abin ya ɓaci. A ranar 7 ga Satumba 2001 wani likita Bafaranshe, Jacques Marescaux, yana zaune a New York ya cire wa wata mata matsarmama a Strasbourg ta Faransa, ta hanyar hannuwan inji da layin waya na musamman da aka keɓe masa. Duniya ta yi mamaki, amma da ido ya yi aikin yana kallon allo. Mu da saƙon murya kan yi ta juyi kafin ya tafi in rezo ya yi ƙasa, ga wutar da ke zuwa ta koma, kada wani ya sa rai za a turo masa rago ya matsa ta waya bana ko baɗi. Haka tsohuwar da ake nuna wa jikanta da aka haifa a Abijan, ta kai hannu tana shafa gilashin waya tana cewa "Kai, ɗan nan, zo in ji nauyinka," gilashi dai za ta ci gaba da shafawa. Maganin wannan har yanzu kuɗin mota ne da zuwa gida.

Akwai kuma waɗanda damuwarsu ta wuce rago, su ne waɗanda jin ya bar jikinsu. Wani mutumin Denmark, Dennis Aabo Sørensen, ya rasa hannun hagu a haɗarin wasan wuta. Shekara tara bayan haka, a 2013, likitoci a birnin Rum tare da masu bincike na Italiya da Suwizalan suka dasa masa siraran wayoyi a jijiyoyin damtsensa, suka haɗa su da hannun roba mai na'urorin ji a yatsu. Aka rufe masa ido, aka toshe kunne, aka riƙa miƙa wa hannun robar abubuwa. Ya riƙa faɗin wannan mai tauri ne, wannan mai laushi, wannan zagayayye. Bayan wata guda aka cire wayoyin, don iyakar izinin gwajin ke nan. Abin farin ciki ne, amma tsakaninsa da wanda injin niƙa ya cinye wa hannu a ƙauyukanmu akwai tafiya mai nisa.

Labarin da ya fi kama mu shi ne na Paul Brand, likitan fiɗa ɗan Birtaniya da ya yi aiki da masu cutar kuturta a Vellore ta Indiya tun daga shekarun 1940. A da kowa ya ɗauka, kamar yadda da yawanmu suka ɗauka har yau, cewa cutar ce ke cin yatsu har su gutsure. Brand ya bi marasa lafiyarsa sau da ƙafa ya gano cewa abin da cutar ke kashewa jijiyar ji ce. In ji ya tafi, mutum ya ɗauki tukunya daga wuta bai sani ba, ya taka ƙaya ya wuni a kanta, ya riƙe ƙotar fartanya har tafi ya sale yana ci gaba da noma. Rauni kan rauni, ƙwayar cuta ta shiga, shi ke cin yatsun. Har ya gano wasu ɓeraye ne ke gwaguyar yatsunsu da dare suna barci ba su ji ba, ya sa aka riƙa ba wanda aka sallama kyanwa ya tafi da ita gida.

Da ya koma Carville ta Amurka a 1966, shi da injiniyoyi suka ce bari su ƙera abin da zai maye gurbin ciwo. Suka yi safar hannu da ta ƙafa masu na'urar auna danni. In mutum ya matsa abu fiye da kima sai ƙararrawa ta yi ƙara ko fitila ta kama. Mutane suka riƙa yin biris da ita. Suka mayar da gargaɗin ya zama ɗan jan lantarki a hammata, inda jin bai mutu ba. Wannan ya yi aiki, sai dai in mutum na son ya yi aiki mai ƙarfi, kamar kwance ƙusar da ta cije, sai ya cire wayar ya yi abinsa, ya gama ya mayar. Daga ƙarshe suka haƙura da aikin. Ciwon da Allah ya halitta mana ba shi da maɓallin kashewa, kuma amfaninsa ke nan. Na inji yana da shi.

Wannan bai yi nisa da mu ba. Kuturta ta ragu amma ba ta ƙare ba, kuma tana warkewa. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta, ana sha wata 6 ko wata 12 gwargwadon irinta, kuma asibitin Danja kusa da Maraɗi ya daɗe da suna a wannan aiki. Alamarta ta farko sau da yawa tabo ne a fata da ya fi sauran jiki haske, ba ƙaiƙayi, ba ciwo. A sa mai shi ya rufe ido a shafa wurin da ɗan auduga. In bai ji ba, a kai shi likita tun jijiya ba ta mutu ba, a bar ɓoyo. Wanda ya fara shan magani ba ya ba kowa cutar, don haka gudun sa da ware masa ƙwarya ba su da dalili.

Wanda ya fi yawa yanzu shi ne ciwon sukari, kuma shi ma haka yake kashe jin ƙafa sannu a hankali. Kusan kowa a cikinmu ya san wani dattijo ko wata gwaggo da ɗan ƙaramin rauni a yatsan ƙafa ya zama gyambo, gyambo ya kai ga Yamai, aka dawo ba ƙafar. Galibi ba su ji lokacin da abin ya fara ba. Na'urar da likitoci ke gwada wannan da ita ba ta da batir ba ta da allo: ɗan silin roba ne kamar gashin wutsiyar doki, an yi shi yadda zai lanƙwashe in danninsa ya kai giram 10. A dangwala shi a tafin ƙafa, in mutum bai ji ba ƙafarsa na cikin haɗari. In kun kai mai ciwon sukari awo, ku roƙi a cire masa takalmi a duba ƙafa, kada a tsaya ga auna jini kawai.

Inda babu silin ma akwai gwajin da likitocin asibitin Ipswich na Ingila suka fito da shi, wanda ɗa ko jika zai iya yi a tsakar gida. Mai ciwon ya miƙe ƙafafu ya rufe ido. Ka taɓa kan babban yatsa, da na tsakiya, da ƙaramin, a kowace ƙafa, da kan yatsanka, taɓi mara nauyi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba danni ba cakulkuli. Duk wanda ya ji ya ce na ji. In biyu ko fiye cikin shidan nan sun wuce bai ji ba, jin ƙafarsa ya ragu, a sanar da likita. Daga ranar ba shi ba tafiya ba takalmi, ko zuwa alwala ne, ba shi ba kusantar da ƙafa ga garwashi lokacin sanyin dankali. Kowace yamma wani ya duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu da fitila. Da safe kuma kafin ya sa takalmi, wani mai ji ya kakkaɓe shi ya duba ciki, sannan ya zura hannu ya laluba, saboda tsakuwa da ƙarangiya da kan ƙusa da ya ɓullo.